Ƙaddara da Haƙƙin 'Yar Aikatau

Sa'ad da aka kulle birnin Kano a watan Afrilu na 2020 saboda annobar korona, wasu matan ƙauyukan Ɗambatta da Bichi masu aikatau a gidajen masu hali, waɗanda da guminsu ake sayen taki kafin damina ta faɗi, sun wayi gari an sallame su, ƙullin kaya a ka, hanya a rufe, lada a riƙe. Aka ce musu ƙaddara ce. Na'am, annoba hukuncin Ubangiji ce, babu jayayya. Amma malaman fiƙihu sun tabbatar cewa ijara alkawari ne, ladan ma'aikaci kuwa bashi ne wanda annoba ba ta kankare shi, balle na macen da ta bar 'ya'yanta wurin kakarsu domin ta wanke tukwanen wasu.