Ƙyama da Ƙishirwa

Tun shekarar 2009, ƴan sama jannati da ke tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa suna shan ruwan da na'ura ta tace daga fitsarinsu da guminsu. A 2023 hukumar NASA ta sanar cewa kashi 98 cikin ɗari na ruwan ana maido da shi. Da na ba ɗalibaina labarin, sai suka yamutsa fuska.

Shin ƙazanta a asalin abu take, ko a halin da yake ciki? Mu dubi hamadarmu. A Cibarakaten, inda aka gano zinariya a 2014, ruwa a mota yake zuwa daga nesa, a saye shi da tsada. A Arlit, ma'aikatun uraniyom sun fi shekara 50 suna jan ruwan ƙarƙashin ƙasa wanda damina ba ta cike gurbinsa.

Ƙyama tana kare lafiya, amma ba ta auna ruwa. Garai-garai na iya ɗauke da guba. Wanda zuciya ta ƙi yana iya zama mai tsabta. A ganina, abin ƙyama shi ne mu ɓarnatar da rabon jikokinmu, mu bar musu ƙishirwa.