Masujadar Ƙasa ta Wusasa

Mu da ke zaune a Kaduna mun saba da manyan masujadai na siminti da kwano, har yaranmu suna tsammani ba a yi wa Allah sujada sai a irinsu. Bari mu bi hanyar Zariya, tafiyar wajen mil 50, mu ga wata masujada da za ta koya mana wani abu.

Likita Mila na mishan ɗin CMS ya zauna cikin birnin Zariya a 1905, yana magani, yana koyar da yara, yana juya Littafi Mai Tsarki da Hausa. Daga baya aka tashi da mishan daga birni zuwa Wusasa, kusa da dutsen Kufena. Can aka gina masujadar Bartalamawus Mai Tsarki a 1929, shekara uku kafin a buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932.

Ba a yi ta da fasalin masujadun Ingila ba. Da ƙasa aka gina ta, ginin Hausa sosai, irin wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi suna da shi sa'ad da ya gina masallacin Jumma'a na Zariya wajen 1830. A irin wannan gini akan kwaɓa ƙasa da ciyawa, a yi tubali, a shanya a rana. Gindin bango yakan yi kauri, yana raguwa zuwa sama. Akan jera azara ta giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, a ɗaura baka, baka kuwa ta ɗauki nauyin rufi. Kaurin bangon shi ke sa ciki ya yi sanyi ko da bazara. Bahaushen da ya shiga ba ya jin ya shiga gidan baƙi. Ginin kansa wa'azi ne, cewa bishara ba ta Turawa kaɗai ba ce.

Amma ginin ƙasa yana da sharaɗi. Kafin damina lalle a yi yaɓe, a toshe tsaga, a gyara indararo. In aka yi sakaci ruwa ya sami hanya, azara ta ruɓe, soro ya rufta. Irin wannan gini ba ya tsayawa sai da jama'a masu kula da shi.

Ku ji labarin Faras, a ƙasar Nubiya, arewacin Sudan. Bishara ta kai can tun ƙarni na 6. A shekara ta 707 Bishop Bulus ya sāke gina babbar masujadar garin, aka yi ta ƙawata bangonta da zane. Ƙarnuka suka wuce, masu bi suka ragu, yashi ya binne ta. Daga 1961 zuwa 1964 masana daga ƙasar Folan suka tone ta, suka sami bango a tsaye, zane da kyaunsa, amma ba mai sujada ko ɗaya. Aka kwashe zanen zuwa Khartum da Warso, wurin kuwa ruwan madatsar Aswan ya shanye shi. Bango ya daɗe, ekklesiya ta ɓace.

Manzo Bitrus, cikin wasiƙarsa ta fari sura 2, ya kwatanta masu bi da duwatsu masu rai waɗanda ake ginawa su zama gida na ruhu, Almasihu ne dutsen kusurwa. To, wannan gida ma yana bukatar yaɓe. Gaba tsakanin dattawa biyu tsaga ce. Yaron da ya girma bai iya karanta Littafi ba, indararo ne da ya toshe. Gwauruwar da ba mai gaishe ta, tubali ne da ya faɗi.

Ba mu hana gina sabuwar masujada ba. Amma kada mu rushe ta iyayenmu domin kunyar ƙasa, gama da ƙasa aka yi mu. Kafin mu tara kuɗin siminti, bari kowa ya duba tsagar da ke tsakaninsa da ɗan'uwansa, ya toshe ta tun hadari bai haɗu ba. Ubangiji ya taimake mu. Amin.