Ɗana, Kada Ka Sayi Sauƙin Yau Da Ƙodarka

Ɗana, na san abin da ke kai ka wurin mai kemis bayan sallar magariba, kuma ban ga laifinka ba. Wanda ya wuni yana saran rake a fadamun Gazara, ko yana lodinsa a mota don kasuwar Makarfi, ko yana sunkuye a garkar tumatir a Hunkuyi tun hantsi har la'asar, dole jikinsa ya yi tsami, dole ƙugu ya riƙe, ga shi gobe ma aikin yana jiransa, iyali kuma suna jiran cefane. Sai ka miƙa kuɗi ka ce a haɗa maka na ciwon jiki, a ƙulla maka ƙwayoyi huɗu ko biyar a leda, ja da fari da rawaya, ka kora da ɗan ruwa ka kwanta. Da safe ka tashi garau, ka ce lallai maganin nan yana da kyau. To, ba ni aron kunnenka, domin akwai wadda take biyan kuɗin wannan sauƙin a cikin jikinka ba tare da ta yi ƙorafi ba, ita ce ƙoda.

Ƙodojin nan biyu da Allah ya ba ka ba sa hutu dare da rana. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciyarka ke bugowa ta wurinsu yake bi, suna tace ruwan da ya kai kimanin lita 180 a kowace rana, su mayar wa jiki kusan dukkansa, su fitar da lita ɗaya zuwa biyu tare da dattin jini, shi ne fitsari. Ranar da ka sha rana ka zubar da gumi, ruwan jikinka ya ja baya, jinin da ke isa ƙoda yakan ragu, sai jiki ya saki wani sinadari da ke buɗe mata hanyoyin jini don kada aikinta ya tsaya. Su kuwa diclofenac da ibuprofen da piroxicam, waɗanda su ne ginshiƙin yawancin haɗin ciwon jiki, aikinsu shi ne hana jiki yin wannan sinadarin, saboda shi ne kuma ke kawo raɗaɗi da kumburi. Ka ga ke nan, a daidai lokacin da ciwon bayanka ke lafawa, a lokacin ne ake tsuke wa ƙoda hanyar jininta. Kai manomi ne, ka san abin da ke samun injin ban ruwa idan aka bar shi yana ruri alhali tiyo ya daina jawo ruwa.

Abin da ya ƙara sa nake tsoron haɗi shi ne ba ka san sunan abin da ka haɗiya ba. Sau da yawa biyu daga cikin ƙwayoyin nan dangi ɗaya ne, launi da kamfani kawai suka bambanta su, sai ka ninka wa kanka illa kana zaton ka ninka waraka. A ƙasashen Nikaraguwa da El Salbado, can tsakiyar nahiyar Amurka, ciwon ƙoda ya daɗe yana ɗauke majiya ƙarfi masu saran rake, kuma masu bincike sun fi ɗora alhakin a kan aiki cikin tsananin zafi da ƙarancin ruwa a jiki, suna kuma lissafa yawan shan irin waɗannan ƙwayoyi cikin abubuwan da ke iya ƙara ta'azzara shi. Sana'arsu sana'arka ce, rana kuma ba ta fi tausaya maka ba. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Sai maganar yara, wadda ta fi taɓa zuciya. A ƙarshen shekarar 2008 aka riƙa kawo ƙananan yara Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da wasu asibitoci a Legas da Ibadan, da zazzaɓi da amai, sannan fitsari ya ɗauke musu ƙaf. Da aka bi diddigi sai aka gano an ba su wani maganin ruwa na fitar haƙori mai suna My Pikin, kuma hukumar NAFDAC ta tabbatar da cewa akwai diethylene glycol a cikinsa, wato gubar da ake amfani da ita a ruwan birkin mota da makamantansa. Yara aƙalla 84 suka rasu a faɗin ƙasar nan. Kafin wannan, a 1990, irin wannan guba a cikin farasitamol na ruwa ta kashe yara fiye da ɗari a Jos da Ibadan, kuma a 2022 ta sake ɓulla a Gambiya cikin magungunan tari, ta tafi da yara kusan 70. Iyayen nan babu mai sakaci a cikinsu, tausayi ne ya sa suka sayi kwalbar don ɗansu ya samu barci. Shi ya sa nake roƙonka, ku fahimci juna da mai ɗakinka cewa fitar haƙori ba cuta ba ce, ba ta buƙatar wani maganin kwalba. Yaron da jikinsa ya yi zafi rau, ko yake amai da gudawa, ba haƙori ke damunsa ba, a ba shi ruwan gishiri da sukari a kai shi asibiti.

Haka ma allura. Mu mun ɗauka allura ta fi ƙwaya ƙarfi, har mutum yakan ji an raina masa ciwo idan ba a tsira masa ita ba. Gentamicin magani ne mai amfani a hannun likita, amma yana taruwa a cikin ƙoda, kuma idan aka yi ta maimaita shi ba awo yakan lalata ta, ya taɓa ji. Jiƙe-jiƙen da ake talla da lasifika ranar kasuwa, a gorar da ba suna ba ma'auni, su ma ta ƙodarka za su bi su fita. Tsoho, da mai hawan jini, da mai ciwon suga, da mai juna biyu, da wanda amai da gudawa suka tsotse, su ne suka fi kowa shiga haɗari. Idan mahaifinka yana shan maganin hawan jini, kada ka sayo masa na ciwon gwiwa sai likita ya sani, kuma kada ya daina nasa na hawan jinin da kansa.

Ga abin da nake so ka riƙe. Ka sha ruwa kafin ƙishirwa ta kama ka, ka tafi gona da jarkarka, ka nemi inuwa idan rana ta take. Kada ka haɗiyi ƙwayar da ba ka ga sunanta a kwalinta ba, kuma kada ka ji kunyar tambayar mai kemis me ya ba ka, domin jikin naka ne, amana ce kuma a wuyanka. Idan ciwon jiki ne na gajiya, farasitamol a bisa ƙa'ida ya fi sauƙi ga ƙoda, amma shi ma wuce ma'auninsa yana cin hanta. Ciwon da ya ƙi tafiya bayan 'yan kwanaki, bincike yake nema, ƙara ƙwaya ba zai raba ka da shi ba.

Sannan ka riƙa lura da fitsarinka da na 'ya'yanka. Idan ya ragu sosai ko ya ɗauke, idan fuska ko ƙafa ta kumbura, ga tashin zuciya da kasala da sarƙewar numfashi bayan an sha wani magani, to a dakatar da shi, a ɗauki kwalinsa ko kwalbarsa, a nufi babban asibitin Makarfi ko na Ikara a ranar, a nemi gwajin ƙoda. Idan sun tura ku asibitin koyarwa da ke Shika, kada ku tsaya shawarar dangi har kwana ya yi nisa. Ƙodar da ta tsaya farat ɗaya sau da yawa tana farfaɗowa idan aka gaggauta, wani da ƙarin ruwa kawai, wani sai an yi masa wankin ƙoda na ɗan lokaci. Jinkiri ne ke mayar da ita ciwon dindindin, mai wanki sau biyu ko uku a mako, wanda ke cinye gona da shanu ya bar gida da bashi.

Na san kai mai neman halal ne, kuma ƙoƙarin tsayawa da ƙafarka ne ya sa kake danne ciwo. Sai dai iyalinka sun fi buƙatarka shekaru masu yawa a kan ladan aikin kwana ɗaya, kuma hutun wuni guda ba ragwanci ba ne. Ka isar da wannan ga abokan aikinka da ƙannenka cikin lalama, yadda na isar maka. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya kuma ba marasa lafiyarmu sauƙi.