Ruwan da Dawuda Ya Ƙi Sha

Mai karatu, ka zo mu koma garin Waterloo na jihar Iowa a ƙasar Amurka, a watan Janairu na shekarar 1942, wata guda bayan da Japan ta kai hari a Pearl Harbor. A can ne 'yan'uwa biyar, uwa ɗaya uba ɗaya, suka je suka rubuta sunayensu a rundunar sojan ruwa: George, Francis, Joseph, Madison da Albert, 'ya'yan gidan Sullivan. Sharaɗi ɗaya suka gindaya, wato kada a raba su. Aka sa su duka a jirgin yaƙi mai suna Juneau. Ran 13 ga Nuwamba na wannan shekara, a kusa da tsibirin Guadalcanal, wani jirgin ƙarƙashin ruwa na Japan ya harbe shi, ya tarwatse, ya nutse cikin ƙiftawar ido. Babban cikinsu yana da shekara 27, autan kuwa 20. Ba wanda ya komo. Yaƙin nan ne dai ya kai kakanninmu dazuzzukan Bama, don haka labarin bai yi mana nisa kamar yadda sunayen suke nunawa ba.

A 1944, ana tsakiyar yaƙi, kamfanin 20th Century Fox na Hollywood ya fitar da fim a kansu, wanda aka fi sani da The Fighting Sullivans. Abin mamaki, faɗan da ke cikinsa kaɗan ne. Mafi yawansa ƙuruciya ce: yara biyar masu ƙiriniya, suna dambe da 'yan unguwa, suna hawa tankin ruwan tashar jirgin ƙasa don su ɗaga wa ubansu hannu in jirginsa zai wuce, gama shi ma'aikacin reluwe ne. Har akwai inda suka tsinci wani ruɓaɓɓen kwale-kwale, suka kusa nutsewa, uwarsu ta sa suka yi mata alkawarin ba za su ƙara shiga jirgin ruwa ba sai sun girma. Kafin ka ankara ka ƙaunace su. Sa'an nan hafsan soja ya ƙwanƙwasa ƙofa da sassafe, aka tambaye shi wanne ne cikinsu, ya ce dukansu. Uban ya ɗauki kayan aikinsa ya tafi aiki, jirgi ya wuce ta gindin tankin nan, ba kowa a kai. Wanda bai ji komai a ransa a wannan wuri ba, to, ya binciki zuciyarsa. A ƙarshe an nuna su biyar suna tafe cikin gajimare, autan yana gudu don ya cim ma yayyensa.

Amma ga abin da fim ɗin bai nuna ba. Sa'ad da Juneau ya nutse, mutum wajen ɗari sun rage da rai a kan teku. Sauran jiragen da ke tare da shi sun riga sun jikkata, ana kuma tsoron wani harin, sai suka wuce ba su tsaya ba. Saƙon neman agaji ya maƙale a hanya. Kwana takwas mutanen nan suna yawo a ƙananan kwale-kwalen ceto, jikinsu duk baƙin mai, rana tana gasa su, ƙishirwa tana juya musu hankali, manyan kifayen teku suna ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Goma kaɗai aka ceto. Waɗanda suka tsira sun ba da labari cewa George, babban wan, ya yi kwanaki da rai yana neman ƙannensa, kafin shi ma teku ta cinye shi.

Ba na gaggawar hukunta masu fim ɗin. Uwar yaran tana da rai a lokacin, ga kuma dubban iyaye mata da ke zaune cikin duhun silima alhali 'ya'yansu suna bakin daga. Akwai jinƙai cikin rufe wasu abubuwa. Duk da haka tambayar tana nan, kuma kai nake yi wa ita: in an ba da rai dominka, kana da ikon ka yanke ɓangaren da ya yi maka ɗaci, ka riƙe mai daɗin? Gajimare ya fi kwana takwas sauƙin kallo. Ya kuma fi sauƙin sa wani saurayi ya je ya rubuta sunansa washegari. Su kansu iyayen an zagaya da su masana'antun makamai domin su ƙarfafa ma'aikata, baƙin cikinsu ya zama kayan aikin yaƙi.

Ka tuna da Dawuda, a littafin Sama'ila na Biyu, sura 23. Yana cikin mafaka, Filistiyawa sun mamaye Baitalami, sai marmarin ruwan rijiyar da ke bakin ƙofar garinsu ya kama shi, ya furta. Jarumawansa uku suka ratsa sansanin abokan gāba, suka ɗebo, suka kawo masa. Ya karɓa, ya ƙi sha, ya tsiyaye shi a ƙasa ga Ubangiji, domin a idonsa ruwan ya zama jinin mutanen da suka sai da ransu. Da ina cikin ukun nan, watakila da na ji haushi. Amma Dawuda ya gane cewa abin da aka saya da rai ya fi ƙarfin maƙogwaron mutum, ko da sarki ne. Abin baƙin ciki, shi ne kuma daga baya ya aika da Uriya gaba-gaban yaƙi don ya rufe zunubinsa, ya bar mutuwar ta yi kama da ta jarumi. Zuciya ɗaya ce ta yi duka biyun, irin tawa da taka.

Masu rubuta Bishara ba su yi wa gicciye irin gyaran da Hollywood ta yi wa Juneau ba. Sun bar mana gumin Getsamani, da gudun almajirai, da musun Bitrus, da bulala, da ba'ar masu wucewa, da ƙishirwa, da kukan wanda ya ji an yashe shi. Tashin matattu gaskiya ne, shi ne kuwa begenmu, amma ba su yi tsalle zuwa can ba sai da suka bi da mu ta sa'o'in duhu. Har bayan tashinsa, tabon ƙusoshi yana nan a hannuwansa, Toma ya gani.

To, kai fa? Ba lalle ne soja ya mutu dominka ba. Akwai uwar da ta sayar da zannuwanta ka yi makaranta, ko yayan da ya bar karatu ya koma gona domin kai ka ci gaba. A ranar biki kana ambatonsu da kalmomi masu kyau, jama'a su yi tafi. Ka taɓa zama ka tambaye su yadda kwanakin nan suka kasance, daren da aka kwana ba tuwo, bashin da aka ci a ɓoye? Wataƙila kana tsoron amsar, domin wanda ya san ainihin kuɗin abu ba ya iya shansa kamar ruwan randa. Lahadi mai zuwa, in aka miƙo maka ƙoƙon Jibin Ubangiji, ka ɗan riƙe shi kafin ka kai bakinka. In kuwa mai zannuwan nan tana da rai, ka je gida ka tambaye ta.