Mas'ala A Kan Labarin Da Aka Waƙe Domin Yara, Da Abin Da Yake Koyarwa Na Abota

Da sunan Allah nake farawa, godiya ta tabbata gare Shi, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Ka sani, ya kai ɗan'uwa mai neman sani, Allah Ya datar da mu da kai, cewa magabatanmu ba su raina waƙa ba wajen tarbiyyar yaro, domin sun ga abin da aka ɗaure da ma'auni da ƙafiya shi ke zama a ƙirji. Saboda haka ne Ibnu Maliki, wanda ya rasu a shekara ta 672 bayan Hijira, ya tara nahawu cikin baiti wajen dubu, Ibnu Ashir ya waƙe tauhidi da fiƙihu da tasawwufi, Nana Asma'u 'yar Shehu kuma ta karantar da 'yan taru da waƙoƙi har suka kai ga matan ƙauyuka. Sai dai ka lura, a cikin waɗannan duka babba ne mai magana, yaro mai saurare ne. Ana ce masa aikata, ana ce masa bari. Wannan gaskiya ne, kuma wajibi ne. Amma akwai wani ciwo da ke kama yaro yana tasowa wanda umurni da hani kaɗai ba su isa gare shi, shi ne ciwon da aboki ke jawowa.

To, a ƙasar Amurka akwai wani nau'in littafi da ake yi wa yara da matasa, labari ne guda daga farko har ƙarshe, amma an rubuta shi da gajerun waƙoƙi, kowace a shafi ɗaya ko biyu, mafi yawansu ba ƙafiya ba ma'auni irin na aruli. Mai magana a ciki yaro ne, da bakinsa yake faɗin abin da ya same shi. Nau'in ya yi suna tun da littafin Karen Hesse mai suna Out of the Dust ya sami lambar Newbery a shekara ta 1998 ta Miladiyya, wadda masu kula da ɗakunan karatu na ƙasar ke bayarwa tun 1922 ga littafin yara da ya fi kowane a shekara. Da Turanci aka rubuta su, don haka zan ba ka labarin ɗaya daga cikinsu domin ka yi hukunci a kan sani.

Kwame Alexander ya fitar da The Crossover a 2014, ya sami wannan lamba a 2015. Labarin tagwaye ne 'yan shekara goma sha biyu, Josh da Jordan, gwanayen ƙwallon kwando, waɗanda ubansu ya koya musu wasan domin shi ma sana'arsa ce a dā. Ba su da aminin da ya wuce junansu, har wata yarinya ta zo makarantarsu, Jordan ya karkata gare ta, ya rage zama da ɗan'uwansa. Josh bai ce uffan ba, ya haɗiye. Ran nan ana cikin wasa sai ya jefa wa ɗan'uwansa ƙwallo da dukan ƙarfinsa a fuska, jini ya ɓalle masa ta hanci. Aka dakatar da shi daga wasa, ɗan'uwansa ya daina yi masa magana. A wannan tsakani uban nasu yana fama da ciwon zuciya, yana ƙin zuwa wurin likita.

Tsaya nan, ya kai mai karatu. Sau nawa ka ji an yi wa'azi a kan hassada, cewa tana cin lada kamar wutar daji? Kuma sau nawa ka ji wa'azin ka ce a ranka da wane ake? Haka zuciya take. Yaro ya san sunan hassada, amma in ta shige shi ba ta zuwa da sunanta. Zuwa take yi da kamar gaskiya, ta ce masa an wulaƙanta ka, an mance alherinka, kai ne aka zalunta. Almajirin da abokin kwanansa ya riga shi sauka, aka yi masa walima, shi kuwa yana nan bai kai rabi ba, bai san abin da ya hana shi cin tuwon nan da daɗi ba. Yaron kanti da ubangida ya sallami abokinsa da jari ya bar shi, shi ma hakanan, sai ka ga ya fara gano aibin abokin nasa wanda shekara goma bai gani ba. Amfanin irin wannan littafi shi ne mai hassadar ne ke ba da labari, kuma yaro ne mai kirki wanda mai karatu ya riga ya so. Sai mai karatu ya bi shi taki-taki yana ba shi gaskiya, har sa'ad da jini ya zuba, sannan ya farga cewa shi ma da ya yi jifan. Gajertar baitocin kuwa tana taimako, domin yaro in ransa ya ɓaci ba ya doguwar magana, kuma farin da ya rage a shafi yana ba mai karatu wurin numfasawa ya tuna nasa abokin.

Idan ka ce, ai wannan ƙage ne, tagwayen nan ba a taɓa haihuwarsu ba, ƙarya kuwa haramun ce, sai in ce maka ƙarya ita ce faɗin abin da ba haka ba domin mai ji ya ɗauka haka ne. Wanda ya ce ga misali, kowa ya san misali ne, bai yaudari kowa ba. Malamanmu na zaure sun daɗe suna karantar da Muƙamatul Hariri, mutumin Basra da ya rasu a 516 bayan Hijira, maƙama hamsin a kan yawon Abu Zaidi da dabarunsa na cin dukiyar mutane, ba su kuwa karanta shi a matsayin tarihi ba. In an yarda da ƙagaggen labari domin gyaran harshe, gyaran zuciya ya fi cancanta.

Idan kuma ka ce al'adarsu ba tamu ba ce, yaro ɗan sha biyu da zancen budurwa, to nan ka faɗi abin dubawa, ba na kuwa ce maka a zuba wa yaro duk abin da ya fito daga can. Falke ba ya sayen dila bai kwance ba. A cikinsu akwai wanda bai dace da ɗan Musulmi ba, akwai kuma kamar Home of the Brave na Katherine Applegate, na 2007, labarin Kek, ɗan makiyaya daga Sudan wanda yaƙi ya kashe ubansa da wansa, ya raba shi da uwarsa, aka kai shi jihar Minisota mai tsananin sanyi. Abin da ya riƙe shi a can shi ne kiwon wata tsohuwar saniya, da abotar wata yarinya wadda ita ma ba ta hannun uwarta. Duk wanda aka kai gabas karatu yana ƙarami ya san wannan hali, ya san yadda baƙo biyu ke zama dangin juna a kan akushi ɗaya.

Abin da na fi jin nauyinsa a labarin tagwayen shi ne marubucin bai gaggauta sulhu ba. Josh ya rubuta wa ɗan'uwansa takardar ban haƙuri, amma shirun bai yanke nan da nan ba. Shari'armu ta iyakance ƙaurace wa ɗan'uwa da kwana uku, kuma yaro yakan ji wannan hukunci ya ga kamar an matsa masa, domin yana zaton lokaci nasa ne, gobe ma rana ce. Su waɗannan yara sun wuce kwana uku nesa ba kusa ba, ajali kuwa bai jira su shirya ba. Uban ya faɗi, aka kwantar da shi asibiti, ya rasu. Bayan an binne shi ne Jordan ya fito tsakar gida ya sami ɗan'uwansa yana jifan kwando shi kaɗai, ya miƙa masa zoben da uban ya samu a zamanin wasansa, shi kuma ya miƙa masa ƙwallon.

Allah ne Mafi sani.