Wa Zai Tsaya Wa Baƙo?

Karatu: Rut 2:1-16, 4:1-10

Ɗan'uwa, in kana da tsoho a Zongon Kumasi, ka tambaye shi labarin shekarar 1969. Ran 18 ga Nuwamba, gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar Gana. Hausawa, Yarbawa, Zabarmawa da sauransu suka ɗaure kaya. Waɗansu a Kumasi aka yanke musu cibiya, jikokin fataken goro ne, ba su taɓa ganin Kano ko Sakkwato ba. Aka karyar da rumfuna da kayan ɗaki a kan kuɗi kaɗan, gidajen da aure ya haɗa baƙo da 'yar ƙasa kuwa suka shiga tsaka mai wuya.

A 1983 reshe ya juye da mujiya. Najeriya, a zamanin Shehu Shagari, ta kori baƙi, cikinsu har da 'yan Gana kusan miliyan ɗaya. Mai gida jiya, shi ne baƙo yau.

Gwamnati ce ke kafa doka, amma a tsakar gida ake renon ƙyamar baƙo. Tana girma ne sa'ad da kawu ya aibata wata kabila a bakin akushi, yara suna ji, kowa ya yi shiru. Tana ƙarfi sa'ad da aka hana yarinya miji mai tsoron Allah don kawai ba yarenmu yake ji ba.

Dubi Rut. Gwauruwa ce, mutuniyar Mowab, ta zo kala a gonakin Baitalami. Bo'aza bai tsaya ga jin tausayi a zuci ba. Ya gargaɗi barorinsa kada su taɓa ta, ya kira ta ta ci abinci tare da masu girbi. Da maganar aure ta taso a ƙofar gari, dangin da ya fi shi kusa ya janye don gudun kada gādonsa ya lalace. Bo'aza ya karɓe ta a gaban dattawa. Wancan mutum, ko sunansa ba a rubuta mana ba. Daga zuriyar Rut kuwa aka sami Sarki Dawuda, aka kuma sami Yesu Almasihu.

Kai fa? Ba a ce ka raina iyayenka ba. Da ladabi za ka ce, "Baba, a yi mini gafara, shi ma Allah ne ya yi shi." Mai yiwuwa a yi fushi da kai, har a daina neman shawararka. Amma shirunka goyon baya ne, yaranka kuma suna koyo. Maƙwabcinka, Kirista ne ko Musulmi, ɗan Asante ne ko Bahaushe, dominsa ma Almasihu ya mutu.

Addu'a: Ya Ubangiji, ka gafarta mini inda na yi shiru don tsoron dangi. Ka ba ni ƙarfin hali in tsaya wa baƙo, cikin sunan Yesu. Amin.