Hannunka Ba Ya Ruɓewa Ka Yanke Ka Yar: Ƙasa da Ɗanta a Bakin Iyaka

A watan Janairun 1980 jami'an shige da fice suka ɗauki Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Borno kuma jigo a jam'iyyar GNPP, suka tsallakar da shi ƙasar Cadi. Hujjar gwamnatin tarayya ta wancan lokaci ita ce wai shi ba ɗan Nijeriya ba ne, domin mahaifinsa mutumin Cadi ne. Babbar Kotun Maiduguri ta rushe wannan hujja, ta tabbatar da cewa ɗan ƙasa ne, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta goyi bayanta. Da wannan labari muke son buɗe tambayar da wannan muƙala za ta tattauna: shin ƙasa tana da ikon rufe wa ɗanta ƙofa?

Idan muka duba abin da ke rubuce, amsar a bayyane take. Sashe na 41 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya haramta korar ɗan ƙasa ko hana shi shigowa. Sashe na 13 na Sanarwar 'Yancin Ɗan'adam ta 1948 ya ba kowa damar komawa ƙasarsa. Haka nan sashe na 12 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan haƙƙoƙin jama'a da na siyasa ya hana a tauye wa mutum wannan dama bisa son zuciya. A 1999 kwamitin da ke sa ido kan yarjejeniyar ya ƙara bayani cewa ƙasar mutum ba ta tsaya ga wadda yake riƙe da fasfonta kaɗai ba, tana iya haɗawa da wadda ya yi zaman shekaru a cikinta har ya kafa jijiya. Duk da haka, baƙon da aka ba izinin zama bai kai ɗan ƙasa ƙarfin kariya ba, tunda izinin da hukuma ta bayar tana iya janye shi.

To, amma abin lura shi ne, da wuya gwamnati ta fito fili ta ce ta kori ɗanta. Abin da takan yi shi ne ta fara sake masa suna, ta mai da shi bare, sa'an nan ta rufe ƙofa. Haka aka yi wa Shugaba. Haka kuma Birtaniya ta yi wa Shamima Begum, wadda aka haifa a can, ta bar Landan a 2015 tana 'yar shekara 15 ta shiga ƙungiyar ISIS a Siriya. A 2019 ministan cikin gida Sajid Javid ya cire mata rigar 'yar ƙasa, bisa cewa tana da damar zama 'yar Bangaladash ta wajen iyayenta, alhali Bangaladash ta ce ba tata ba ce. A 2021 Kotun Ƙoli ta ƙi yarda ta dawo ko da don ta kare kanta ne. A nan doka ta ba gwamnati gaskiya, saɓanin abin da ya faru a Maiduguri.

Wajibi ne mu yi wa ɗaya ɓangaren adalci. Mai mulki yana ɗauke da amanar rayukan miliyoyi, kuma yana iya cewa ba zai sayar da lafiyar jama'a don mutum guda ba. Da wannan hujja ce Ostiraliya, a watan Mayun 2021, lokacin annobar korona, ta hana 'yan ƙasarta da ke Indiya dawowa na kusan mako biyu, har da barazanar ɗaurin shekara biyar ga wanda ya saɓa. Tsoron cuta da na ta'addanci ba abin wasa ba ne.

Sai dai a ganinmu hujjar tana da rauni ta fuska biyu. Na farko, ƙasa ba ta rasa wata dabara ba. Mai cuta ana killace shi, mai laifi ana gurfanar da shi gaban alƙali, kuma duka biyun a cikin gida ake yi. Na biyu, duniyar yau an gama rabe ta, babu wani dajin Allah da ba shi da mai shi. Duk wanda ƙasarsa ta ƙi, to kan wata ƙasa aka jibga shi, kuma galibi wadda ta fi rauni. Wannan daidai yake da mutum ya share gidansa ya zuba sharar a ƙofar maƙwabci. Bahaushe ya ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ma'anar maganar ita ce magani ake nema masa, komai warinsa.

Akwai kuma abin da ya fi wannan hatsari. Makamin da aka ƙera don ɗan ta'adda, ba a san hannun da zai faɗa gobe ba. Shugaba Darman bai ɗauki bindiga ba, adawar siyasa ya yi. Mu da muke da kakanni a Damagaram da Maraɗi da Garwa, waɗanda iyakokin Turawa suka ratsa tsakiyar danginmu, ya kamata wannan ya fi damunmu. Idan har asalin uba ko na kaka ya isa a mai da mutum baƙo, mutum nawa ne a cikinmu zai kwana da ido biyu rufe?

Saboda haka muna ganin cewa zama ɗan ƙasa bai kamata ya zama tukuicin kyakkyawan hali ba, wanda za a karɓe ranar da aka yi fushi. Ƙasa tana da ikon hukunta ɗanta, ta ɗaure shi in ya cancanta, amma ta fara buɗe masa ƙofa tukuna.